Kiɗa Da Waƙa Cikin Ƙungiya: Taimako Ga Ɗalibanmu Da Ke Baƙunci

Da wuya a sami ikilisiya a birane irin su Jos ko Kaduna wadda ba a taɓa yi wa wani ɗanta addu'ar sallama zuwa karatu a ƙasar waje ba. A shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022, 'yan Nijeriya da ke jami'o'in Birtaniya kaɗai sun haura 44,000. Mu iyaye mukan sa ido a kan kuɗin makaranta da biza da rigar sanyi, amma ba kasafai muke tunanin watanni ukun farko ba, alhali a nan ne ƙafar yaro ke kafuwa ko ta zame.

Ɗalibi yakan sauka a watan Satumba. Kafin Disamba, a gari kamar Gilasgo, rana na faɗuwa tun ƙarfe huɗu ba ta yi ba. Turancin da ya yi tinƙaho da shi a gida, sai ya ji ba a gane shi sai ya maimaita. Tun Janairun 2024 kuma gwamnatin ƙasar ta hana yawancin masu karatun digiri na biyu zuwa da iyalansu, don haka magidanci ma shi kaɗai yake kwana a ɗaki. Jami'o'i suna da masu ba da shawara, to amma wanda aka tarbiyyantar da cewa ba a fallasa ciki ga baƙo, yaya zai zauna gaban Bature ya ce kewa tana neman hallaka shi, da harshen da ba nasa ba?

A nan ne jinya ta hanyar kiɗa take da amfani. Kada wani ya ji an ce kiɗa da magani ya tuna da garayar 'yan bori. Wannan aikin lafiya ne. Ya kafu a Amirka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka lura makaɗa na sanyaya wa sojojin da ke kwance a asibiti zuciya, har Jami'ar Jihar Mishigan ta fara koyar da shi a 1944. A Birtaniya doka ba ta yarda mutum ya kira kansa da sunan wannan sana'a ba sai ya yi karatunta an kuma yi masa rajista.

Galibi mutane kaɗan ne ake tarawa, su zauna a da'ira sau ɗaya a mako. Ana ajiye ganguna da caki da sauran kayan da ba sa bukatar gwaninta. Wani ya fara bugawa, na kusa da shi ya amsa, ɗan Sin da ɗan Indiya da ɗan Nijeriya suna ta hira ba wanda ya buɗe baki. Wata rana a ce kowa ya kawo waƙar garinsu ya faɗi abin da take tuna masa. Mai jagoran ba kyan murya yake saurare ba. Yana lura ne da wanda ya yi shiru, da wanda hawaye ya zubo masa, ya san yadda zai riƙe shi. Babu ranar fita gaban jama'a, babu wanda za a ce ya ɓata waƙa.

Wani bincike da masanan Jami'ar Oksfod suka buga a 2015 ya ja hankalinmu. Sun bi manya masu zuwa ajin koyon waƙa da masu ajin rubutu da na aikin hannu har wata bakwai. A ƙarshe duka azuzuwan sun shaƙu kusan daidai, amma a watan farko mawaƙan sun yi wa sauran nisa. Wato waƙa ba ta fi sauran ƙulla zumunci ba, ta fi su sauri ne. Ba a kan baƙin ɗalibai aka yi binciken ba, sai dai a ganinmu wanda ya sauka jiya, jarrabawa kuma na tafe, saurin nan shi ne bukatarsa.

Mu ma muna da baƙi. 'Yan Chadi da Kamaru da Nijar suna karatu a Maiduguri da Zariya da Bukuru, wasunsu da Faransanci suka taso. Ƙungiyar mawaƙanmu ba asibiti ba ce, kada mu ba ta sunan da ba nata ba. Amma mun saba miƙa wa baƙo littafin waƙoƙinmu mu ce ya koya. Da za mu fara roƙonsa ya koya mana tasu, da ya shigo da wani abu a hannunsa.

Ɗalibin da ya daina cin abinci, ko barci ya ƙaurace masa makonni, ko ya fara maganar ya gaji da rayuwa, likita yake bukata nan take, ganga ta biyo baya. Iyaye kuwa, in kun kira yaro a waya, bayan tambayar sakamako ku tambaye shi da wa ya ci abinci a wannan mako, ku kuma sa shi ya je ofishin kula da lafiyar ɗalibai ya bincika ko suna da irin wannan ƙungiya.