Baje Kolin Sana'o'in Hannu na Wagadugu

SIAO babban baje kolin kayan sana'o'in hannu ne da ake gudanarwa duk bayan shekara biyu a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso. An fara shi a shekarar 1988, kuma yana cikin mafiya girma a Afirka. Yawanci ana yin sa daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba.

Maƙera, dukawa, masaƙa da maginan tukwane daga ƙasashe da dama sukan baje kayansu, kamar mutum-mutumin tagulla, azurfar Buzaye, jakunkunan fata da saƙin Faso Dan Fani. Manufarsa ita ce haɗa masu sana'a da manyan 'yan kasuwar ƙetare domin kayansu su samu shiga kasuwannin duniya. Annobar korona ta hana gudanar da na 2020.