Yadda Ake Mayar Da Ramin Haƙar Ma'adinai Ya Koma Makiyaya

A wannan makon allonmu zai yi bayani a kan ƙasar da aka haƙe aka bari, da yadda ake gyara ta har dabbobi su koma kiwo a kanta.

Jiharmu ta Sakkwato tana da arziki a ƙarƙashin ƙasa. A Kalambaina ana fasa dutsen da ake yin siminti da shi. A yankin Dange Shuni ana tono jifsam, wanda shi ma yana shiga cikin haɗin siminti. Mu nan Tambuwal da Kebbe abin da muka fi gani shi ne ramukan da aka ɗebi jar ƙasa da tsakuwa don aikin hanya, da wuraren ɗibar yashi da ƙasar gini. Duk wannan aiki ne mai amfani, mutane da yawa suna cin abinci da shi. Matsalar tana farawa ne ranar da aka gama, motoci suka tafi, aka bar ramin a buɗe.

Da damina ramin yana cika da ruwa. Sauro ya samu gida, yara su shiga wanka ba su san zurfinsa ba, saniya ta zame ta karye. Da rani kuma wurin ya zama faƙo, ko tsinke ba ya fitowa. Makiyayi ya rasa wani yanki na wurin kiwonsa, sai ya matsa kusa da gonaki, daga nan rigima ta tashi tsakaninsa da manomi. Zomo da fakara da zabon daji su ma sai su ƙaura.

Me ya sa ciyawa ba ta komawa da kanta? Dalilin yana cikin ƙasar sama. Wannan baƙar ƙasa da ba ta wuce taƙi ɗaya ba a wurare da dama, ita ce ke ɗauke da taki, da irin ciyawa, da tana, da ƙananan halittun da ido ba ya gani. Tana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ta taru, amma katafila tana kwashe ta a yini guda. Abin da ke ƙarƙashinta marmara ce da tsakuwa, ruwa ba ya shiga, saiwa ba ta kamawa. Shi ya sa gyaran rami yake farawa tun kafin a fara haƙa: a kankare ƙasar sama a tara ta gefe guda, a ajiye ta don ranar mayarwa.

Bayan an gama haƙa, ga matakan da ake bi.

Na farko, a gwada ƙasar da ruwan wurin a ga ko akwai guba. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga illar wannan. A shekarar 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Tun kafin a gane abin da ke faruwa, agwagin ƙauyukan sun yi ta mutuwa. Sai da aka kankare gurɓatacciyar ƙasar aka binne ta a rami na musamman, aka shimfiɗa mai tsabta a madadinta. Garin Bagega sai a 2013 aka yi masa wannan aikin. Idan ƙasa tana da guba, dabba za ta haɗiye ta tare da ciyawa da ruwa, mu kuma mu sha nonon mu ci naman. Saboda haka ba a sakin dabba a irin wannan wuri sai masana sun tabbatar.

Na biyu, a cike ramin da ɓaraguzan da aka fitar, a kwantar da gaɓarsa ta daina zama kamar bango. Idan ramin ya yi girman da ba zai ciku ba, kuma ruwansa mai kyau ne, ana iya barinsa ya zama mashaya. Sai a yi wa gefe ɗaya gangare mai sauƙi yadda shanu za su sauka su hau lafiya.

Na uku, a mayar da ƙasar saman nan da aka ajiye, a zuba takin dabbobi. Idan wurin ya yi tauri sosai, akwai dabarar da manoman jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar suka shahara da ita. Suna haƙa ƙananan ramuka masu siffar rabin wata, bakinsu yana kallon inda ruwa ke gangarowa. Ruwan sama ya tsaya a ciki ya nutse, a zuba taki, gara ta zo cin takin ta huda ƙasar ta yi laushi. Da haka suka farfaɗo da faƙo mai yawa.

Na huɗu, shuka. Ciyawa ake fara sawa, kamar gamba da kyasuwa, domin saiwarsu tana riƙe ƙasa kuma dabbobi suna son su. Sai itatuwan da suka saba da ƙasarmu: bagaruwa, magarya, aduwa, kalgo da gawo. Gawo na da wani abin mamaki, yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani lokacin da dabbobi suka fi bukatar inuwa da abinci.

Na biyar shi ne mafi wuya, wato haƙuri. Dole a killace wurin na wasu damuna, kada akuya ko ɗaya ta shiga. Idan aka yi gaggawa, a kwana biyu za su cinye aikin shekara. A nan ne ake bukatar hakimi da mai unguwa da arɗo su zauna su yi yarjejeniya. Kafin lokacin buɗewa ana iya yankar ciyawar a kai wa dabbobi gida.

Namun daji ba sai an kai su ba, in akwai ciyawa da ruwa da maɓoya za su zo. Ƙwari ne ke fara zuwa, tsuntsaye su biyo su, sai bushiya da kurege da damo. A birnin Mombasa na ƙasar Kenya, wani masani mai suna Rene Haller ya fara gyara ramin kamfanin siminti na Bamburi a 1971. Itatuwa kaɗan ne suka jure wa wurin, kuma ganyen da suke zubarwa ba ya ruɓewa da wuri. Sai ya kawo ƙadandoniya masu jajayen ƙafafu, suka riƙa cin ganyen suna mayar da shi taki. Yau wurin daji ne da ake zuwa kallon raƙumin dawa da dorina.

Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya gyara ƙasar da ya yi aiki a kanta. Ke nan jama'ar gari suna da haƙƙin su tambaya tun ranar farko: ina za a ajiye ƙasar sama, kuma wa zai cike ramin?

Mu ɗalibai ma muna da abin yi. Mu daina wanka a ramukan haƙa, mu kuma hana ƙannenmu. Mu tara 'ya'yan bagaruwa da magarya mu rene su a leda a bayan aji, idan damina ta kama mu nemi izinin shugabanni mu dasa su a bakin rami mafi kusa da makarantarmu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.

Daga wata ɗalibar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.