Simintin Gyaran Muƙamuƙi Da Ciwon Noma A Ƙasar Sakkwato

Jama'a, akwai wani ciwo da ke cin fuskar yara ƙanana, wanda likitoci su ke kira noma. Sunan nan bai shafi aikin gona ba, kalmar Girkanci ce mai nufin cinyewa. Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda tamowa ko ƙyanda ta raunana. Daga dasashi ya kan fara, sa'an nan cikin 'yan kwanaki ya huda kunci, har ya tarar da ƙashin muƙamuƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa in ba a yi magani ba, tara cikin goma su kan mutu.

To, da me a ke cike gurbin ƙashin da ya lalace? A shekarun 1980 waɗansu masana biyu na Amurka, Brown da Chow, suka haɗa wani gari na sinadarin kalsiyam da fosfet. In an kwaɓa shi ya kan yi kamar kunu mai kauri, a ɗura shi da sirinji cikin ramin ƙashi. Nan zai daskare cikin mintoci, ya zama irin ma'adinin da Allah ya yi ƙashi da shi, don haka jiki ba ya ƙyamarsa. A 1996 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a yi amfani da shi ga ƙashin kai da na fuska.

Amma fa kowane magini ya san yaɓe na toshe tsaga, ba ya ta da bangon da ya faɗi. Simintin nan yana da gautsi, ba ya jure ƙarfin tauna, ba ya kuwa mayar da leɓe ko kunci. In gurbin babba ne, sai an yanko ƙashi daga ƙugu ko ƙwaurin majinyacin an dasa. Wani yaron ma tabo ne ya ɗaure masa muƙamuƙi, sai an kwance shi kafin ya iya buɗe baki.

Irin wannan aiki ne ya sa aka buɗe Asibitin Yara Masu Ciwon Noma a Sakkwato a 1999. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga taimaka masa a 2014, an kuwa yi wa yara da yawa tiyata kyauta. A Disamba 2023, bisa roƙon Nijeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Mu da mu ke koyar da malamai, ga abin da mu ke roƙon malamai da akawunan Tambuwal da Kebbe. Daga ƙauyukanku zuwa birni tafiya ce, ciwon kuwa ba ya jiran ranar kasuwa. In kun ga yaro yana warin baki, dasashinsa na jini, kuncinsa ya kumbura, ku gaya wa mahaifinsa ya kai shi asibiti mafi kusa ran nan. A wannan lokaci maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki, da abinci mai gina jiki su kan tsayar da shi. Ku riƙa tunasar da iyaye allurar ƙyanda. Wanda kuwa ya tashi da tabo, kada ku bari a ɓoye shi cikin gida, ku ba shi wurin zama a aji tare da 'yan'uwansa.