Nauyi, Nisa da Iska: Abin da Ke Kayar da Ƙugiyar Gini

Da yammacin ranar Juma'a, 11 ga Satumba, 2015, an yi ruwa da iska mai ƙarfi a birnin Makka. Cikin wannan guguwa ne wata ƙatuwar ƙugiyar ɗaga kaya, daga cikin waɗanda ake aikin faɗaɗa Masallacin Harami da su, ta rikito cikin masallacin. Mutum 111 suka rasu, 394 suka jikkata, ciki har da alhazan Nijeriya. Binciken da hukumomin Saudiyya suka yi ya nuna cewa an bar dogon hannun injin a miƙe ana wannan iska, saɓanin ƙa'idar waɗanda suka ƙera shi.

Ɗalibin da ke son fahimtar yadda irin wannan ƙasaitaccen inji ke faɗuwa, ba sai ya je wurin gini ba. Ya ɗauki bokiti cike da ruwa, ya riƙe shi dab da jikinsa, sa'an nan ya miƙar da hannunsa gaba ɗaya. Nan take zai ji kafaɗarsa ta ɗauki zafi, jikinsa kuma yana rinjaya. Ruwan bai ƙaru ba ko da ɗigo guda. Nisa ne ya ƙaru. Ƙarfin da ke neman kifar da mai ɗauka, ana samun sa ne idan an ninka nauyin kaya da nisansa daga madogara. Tan 10 a nisan mita 5 ya ba da 50. Idan aka miƙa hannun injin zuwa mita 20, tan 2 da rabi kacal ne zai ba da wannan 50 ɗin. Wato injin da ya ɗauki tan 10 lami lafiya da safe, tan 4 na iya kayar da shi da rana.

Jikin ɗan Adam ma a kan wannan doka yake tafiya. Tsokar damtse tana manne da ƙashi ne kimanin santimita 5 daga gwiwar hannu, tafin hannu kuwa yana can wajen santimita 35. Don haka tsokar kan ja ninki bakwai na abin da ke cikin tafin. Mutum yana da jijiyoyin da ke gargaɗinsa da ciwo kafin wani abu ya tsinke. Abin da ke madadin wannan ciwo a wurin direban ƙugiya shi ne jadawalin da ke ɗakin tuƙi, mai nuna iyakar nauyi a kowane nisa, da kuma na'urar da ke kuka idan an kusa wuce iyaka. Direban da ya kashe wannan na'ura don aiki ya yi sauri, ya yi wa injin allurar kashe zafi ne kawai.

Ƙasar da aka girke injin a kai ita ma abin dubawa ce. Raƙumi ba ya nutsewa a rairayi saboda faɗin tafin ƙafarsa yana rarraba nauyinsa. Hikimar ke nan da ta sa ake miƙa ƙafafun ƙugiya har ƙarshe, a ɗora su a kan faffaɗan katako ko ƙarfe, musamman da damina ko kusa da rami.

Sai iska, wadda aka fi renawa. Idan gudunta ya ninka sau biyu, ƙarfin turinta sau huɗu yake ninkawa, kuma ta fi gudu a can sama fiye da yadda ake jin ta a ƙasa. Shi ya sa ake ɗaura ma'aunin iska a ƙololuwar injin, ake kuma tsai da aiki da zarar ta kai iyakar da aka gindaya, ko da mai kwangila zai ɓata rai. Ƙugiya mai tafiya a kan sarƙa, irin ta Makka, sauke hannunta ake yi ƙasa. Ita kuwa doguwar nan da ake kafawa kusa da benaye, idan an tashi aiki sai a saki birkinta na juyawa, domin hannun ya riƙa bin iska duk inda ta kaɗa, maimakon ya tare ta da gefensa.