Ko Kun Sani?

Ɗalibin Gaya ko Ajingi zai iya kammala jarrabawar JAMB ba tare da ya taɓa linzamin kwamfuta ba. Tun 2015 aka daina rubuta ta a takarda aka koma kwamfuta, sai yaran karkara da dama, masu ƙoƙari kuwa, suka riƙa fama da linzami lokaci na ƙure musu. Abin tausayi ne ƙwarai. A 2017, zamanin da Farfesa Ishaq Oloyede ke shugabantar JAMB, hukumar ta fito da tsarin maɓallai takwas: A, B, C da D na zaɓar amsa, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya. S ke miƙa jarrabawar, R kuma ya mayar da wanda ya danna S bisa kuskure kan tambayoyinsa.