Kuroke: Wasan Da Mai Laifi Ke Kai Ƙarar Kansa

Idan aka ambaci wasanni a ƙasar Ingila, abin da ke fara zuwa a ran jama'a shi ne ƙwallon ƙafa da maƙudan kuɗin da ake zubawa a cikinta. Amma a bayan gari da ƙananan ƙauyukan ƙasar akwai wani wasa da ake kira kuroke, wanda ba a cika jin ɗuriyarsa a rediyo ba, kuma masu yin sa ba albashi ake biyan su ba, hasali ma su ne ke fitar da kuɗi daga aljihunsu. Ƙungiyoyin wannan wasa kimanin 200 ne a Ingila, kuma abin da ya riƙe su shekara da shekaru shi ne abu biyu da kowane ɗan kasuwa ya san darajarsu, wato amana da aikin gayya.

Ana yin wasan ne a kan shimfiɗaɗɗen filin ciyawa mai tsawon yadi 35 da faɗin yadi 28. A cikin filin an kafa 'yan ƙofofin ƙarfe guda shida, da turke ɗaya a tsakiya. Ƙwallaye huɗu ne: shuɗiya da baƙa suna gefe guda, ja da rawaya suna ɗaya gefen, kowace nauyinta ya kusa rabin kilo. Ɗan wasa yana riƙe da doguwar guduma ta katako, da ita zai bugi ƙwallonsa ta ratsa ƙofofin bi da bi. Wahalar ita ce ƙofar ba ta fi ƙwallon faɗi ba sai da kamar milimita 3, don haka ƙarfin damtse ba ya amfani a nan, sai natsuwa da lissafi.

Wannan ne ya sa maza da mata, tsofaffi da matasa, suke karawa da juna a fili ɗaya ba tare da an ware su ba. Tun a gasar Olamfik ta birnin Paris a 1900 mata suka shiga wasan kuroke, lokacin da kusan duk sauran wasanni na maza ne zalla.

Abin da zai fi ba baƙo mamaki shi ne yawancin wasannin ƙungiya ana yin su ne babu alƙali a fili. Idan gudumar mutum ta taɓa ƙwallo sau biyu a bugu ɗaya, ko ya tura ta maimakon ya buge ta, doka ta ce shi da kansa zai faɗa, ya bar wa abokin karawarsa fili, ko da kuwa babu wanda ya gani. Kuma sau da yawa babu wanda ya gani ɗin, domin a tsohon salon wasan gwani kan iya shafe kusan rabin awa yana bugu shi kaɗai, abokin hamayyarsa na can bakin fili a kan kujera yana shan shayi. Sai in bugun mai sarƙaƙiya ne, sannan ɗan wasa zai ɗaga gudumarsa sama, alamar yana neman wanda ya san doka ya zo ya tsaya a kansa. Wato mutum ne ke kiran wanda zai kama shi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya bashi ba takarda ba shaida, ya dawo da kuɗin ranar kasuwa, ya san irin wannan zama. Wanda aka gane yana ɓoye laifinsa ba kotu ake kai shi ba, sai dai ya wayi gari babu mai son wasa da shi.

Akwai kuma tsarin rangwame domin kada gwani ya riƙa cinye sabon shiga kullum har ya karaya. Ana ba mai rauni ƙarin damar bugu, ana ƙirga su da 'yan sanduna da ake kafawa a bakin fili, duk wadda ya yi amfani da ita sai a cire. Kowane ɗan wasa shi ke riƙe da katin da yake rubuta nasararsa da faɗuwarsa, kuma da wannan katin ake auna rangwamen da ya cancanta.

Aikin fili kuwa ba ƙarami ba ne. A lokacin wasa, daga wajen watan Afrilu zuwa Oktoba, sai an aske ciyawar sau da yawa a mako har ta kwanta kamar darduma. Ga shata layi da farin fenti, ga gyara zaman ƙofofi. Ƙananan ƙungiyoyi ba su da ƙarfin ɗaukar ma'aikata da yawa, don haka mambobi ke raba aikin a tsakaninsu. Wani tsohon malamin makaranta ne ma'aji, wata ita ke tsara jerin masu dafa shayi da kawo cincin da kek, wani shi ke koyar da sababbi kyauta. Ranar da wata ƙungiya ta zo baƙunta, masu masauki ne ke ciyar da ita. Wanda ya ci gasa kuwa, kofi ake ba shi, ya mayar da shi baɗi.

Ga tsofaffi da yawa, musamman waɗanda suka yi ritaya ko abokin zama ya rasu, wannan fili ya zama majalisa. Kaɗaici babbar matsala ce a Birtaniya, har ta kai a 2018 gwamnati ta naɗa minista da aka ɗora wa alhakin lamarin. A ƙungiyar kuroke, in mutum ya yi fashin zuwa sau biyu ko uku, za a sami mai buga masa waya ya ji ko lafiya.

Sai dai ƙungiyoyin na da nasu ƙalubalen. Da yawansu a filin ƙaramar hukuma suke haya, kuma fili a Ingila tsada ne da shi. Tarihi ma ya riga ya yi musu gargaɗi: shahararren kulob ɗin Wimbledon an kafa shi ne a 1868 domin kuroke, amma da aka fara gasar tanis a wurin a 1877, sai baƙo ya kori ɗan gida. Har yau sunan kuroke na cikin sunan kulob ɗin, amma duniya tanis ta san shi da shi. Ga kuma fari: a 2022, shekarar da zafi ya haura digiri 40 a karon farko a Birtaniya, ciyawa ta ƙone a sassa da dama na ƙasar. Uwa uba, yawancin mambobi sun manyanta, kuma sai an sami masu gado.

Abin da ya ɗan farfaɗo da su shi ne wani salo mai sauƙi da sauri, wanda duk ɓangaren da ya riga cin ƙofa 7 shi ya yi nasara, wasa ya ƙare cikin kamar awa guda. A nan ne Afirka ta shigo. Misirawa, waɗanda suka karɓi wasan daga Turawan Ingila, sun ƙware a wannan salo a kulob-kulob na Alƙahira da Iskandariyya, inda ake buga shi da dare ƙarƙashin fitilu, da bugu mai ƙarfin gaske, 'yan kallo na tafi. Khaled Younis na Masar ne ya lashe gasar duniya ta farko a wannan salo a 1996, kuma kofin bai bar hannun Misirawa ba sai a 2011.

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar kuroke ba ta da attajirin da ke ɗaukar nauyinta, ba ta da ɗan sandan da ke tsare dokarta. Muddin akwai mai aske ciyawa ranar da aikin ya faɗo kansa, da mai cewa "na yi laifi" alhali ba a gan shi ba, za a ci gaba da buɗe ƙofar fili kowace shekara.