Daga Ƙanƙarar Teku Zuwa Garin Ƙanƙara: Hazon Hunturu Da Hayaƙin Da Muke Ƙara Masa

Ban da sunan garinsu, mutumin Ƙanƙara ta jihar Katsina ya san ƙanƙara iri biyu: wadda ke zubowa da ruwan sama ta yayyaga ganyen masara, da wadda ake saye a leda lokacin azumi. Akwai ta uku da bai taɓa gani ba, wadda ke rufe teku a ƙuryar arewacin duniya, yankin da ake kira Aktik. Wannan ƙanƙarar tana raguwa, kuma masana sun gano cewa raguwarta na iya taɓa iskar da mutane ke shaƙa da hunturu a ƙasashe masu nisan dubban kilomita. Mu da muke kwana mu tashi cikin hazo daga Nuwamba zuwa Maris, ya kamata mu ji yadda abin yake.

Tun 1979 taurarin ɗan'adam ke auna faɗin wannan ƙanƙara. Kowace shekara takan narke da zafi, ta kai ƙarshen raguwarta a watan Satumba, sannan ta sake daskarewa. A Satumban 2012 ta ragu zuwa kusan murabba'in kilomita miliyan 3.4, wajen rabin abin da aka saba gani a shekarun 1980. Bayan wata huɗu, a Janairun 2013, wani mummunan hazo ya lulluɓe Beijin da gabashin ƙasar Sin har tsawon makonni. Jirage suka kasa tashi, asibitoci suka cika da yara masu tari. Abin mamakin shi ne, masana'antu da motoci ba su ƙara hayaƙi farat ɗaya a wannan watan ba. Iskar da ta saba kwashe hayaƙin ce ta ƙi zuwa.

A 2017 masu bincike na Jami'ar Fasaha ta Jojiya da ke Amurka suka fitar da bayanin da ya haɗa abubuwan biyu. Idan ƙanƙara ta ragu, tekun da ya buɗe yakan saki ɗumi da danshi zuwa sama. A ƙarshen 2012 kuma dusar ƙanƙara ta zuba da yawa a Saiberiya. Haɗuwar biyun ta karkatar da iskar sanyi mai ƙarfi zuwa gabas, wajen Koriya da Japan, aka bar sararin gabashin Sin tsit. Duk matar da ke girki da itace ta san wannan. Murhu ɗaya ne, itace ɗaya ne, amma ranar da iska ke kaɗawa ba ta hawaye, ranar da iska ta tsaya kuwa madafa ba ta shiguwa.

An yi wancan binciken ne a kan ƙasar Sin, ba a kan Katsina ba. Sai dai namu hazon ma baƙo ne, kuma daga nesa ake juya akalarsa. Babban tushensa shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi tun zamanin da yake kamar teku. Iskar arewa maso gabas takan matsu tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi farar ƙasa mai laushi kamar gari. Cikin 'yan kwanaki ta ratso Nijar, ta sauka a kan rufin kwanon Faskari da ganyen mangwaron Sabuwa, wata har takan tsallake teku zuwa dajin Amazon. Masana sun daɗe da lura cewa yawan ƙurar Sahara yakan bambanta daga shekara zuwa shekara gwargwadon yanayin iska a arewacin Tekun Atlantika. Shi ya sa wata shekarar jaura ke kaɗawa har leɓe ya tsage, wata shekarar kuma hunturu ya yi latti, tsofaffi su ce ba haka suka san shi ba. Sama ɗaya ce, ba ta da katanga.

To, ƙurar Bodele ba mu muka tayar da ita ba. Amma a duba abin da muke zuba mata a kai. Hunturu yana zuwa ne daidai da ƙarshen kaka. Ana sussukar masara da dawa, ana shiƙa, ƙaiƙayi na tashi. Ana cinna wa kara da totuwa wuta a gona. Matasa na ƙona daji don farautar gafiya da zomo. Masu gawayi na turara itace. A cikin gari ana ƙona bola da leda, wani lokaci har da tsohuwar taya don jin ɗumi. Da dare ƙasa takan huce da sauri, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta hau samanta kamar murfin tukunya. Shi ya sa in ka fito bayan asuba za ka ga hayaƙi ya yi shimfiɗa a kan gari bai tashi ba. A wannan lokacin ne yara ke tafiya makaranta, almajirai na zagaye da wuta, ɗan acaɓa na fita neman na cefane.

Ƙurar da ido ke gani hanci kan tare wani ɓangarenta. Wadda ta fi haɗari ita ce mitsitsiyar da ta fi silin gashi siranta sau talatin. Ita ke wucewa can cikin huhu, wata har cikin jini. Tana tayar da asma, tana ƙara limoniya ga jarirai, tana wahalar da masu hawan jini da ciwon zuciya. Hayaƙin itace da na leda cike yake da ita.

Ga kuma sanƙarau. Muna cikin yankin da cutar ta fi addaba, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Busasshiyar iska mai ƙura takan raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ta buɗe wa ƙwayar cutar ƙofa, cunkoso a ɗaki mara taga kuma ya yaɗa ta. A 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. A ƙarshen 2016 ta taso daga Zamfara, maƙwabciyarmu, ta shigo Katsina da Sakkwato a 2017, sama da mutum 1,000 suka rasu a faɗin ƙasar. Yau da rashin tsaro ya raba iyalai da ƙauyukansu, ana kwana goma-goma a ɗaki ɗaya a gidajen 'yan'uwa, haɗarin ya ƙaru.

Me za a yi? Manomi ya bar kara a gona ya ruɓe ya zama taki, ko ya tara wa dabbobi, maimakon ya mayar da shi toka. Masu unguwanni da limamai su ja kunne kan ƙunar daji da ƙona taya. Uwargida ta yi girki a fili ko inda iska ke ratsawa, kada ta tsuguna gaban murhu da goyo a baya. Kada a shigar da kaskon garwashi ko janareta ɗaki a rufe ƙofa. Suna fitar da iskar guba mara launi mara wari, wadda ke farawa da ciwon kai da jiri, ta kashe mutum yana barci. Ranar da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ta yi gargaɗin hazo a rediyo, tsofaffi da masu asma su rage fita, mai fita ya sa takunkumi ko ya rufe hanci da rawani, direba ya kunna fitila ya rage gudu. A yayyafa ruwa kafin shara, a yawaita shan ruwa, a rufe abinci. Ko da sanyi, a bar 'yar kafar da iska za ta shiga ɗakin kwana.

In zazzaɓi mai zafi ya zo da ciwon kai, amai da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, a nufi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye, domin sanƙarau na iya kisa cikin kwana ɗaya. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. In masu rigakafi sun zo, a fito da yara.

Mutanen Beijin sun dogara ga iska ta kwashe musu hayaƙi, ranar da ta ƙi zuwa suka ga abin da suka daɗe suna zubawa sama. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙanƙarar Aktik da kwarin Bodele sun fi ƙarfin mutumin Sheme ko na 'Yankara, ba shi zai ce wa iska ta taso ko ta kwanta ba. Ashanar da za a ƙyasta wa kara da yammacin yau kuwa, tana cikin aljihunsa.